Burtalin da Ke Cikin Yaren C

Akwai wani jerin gargaɗi da duk mai rubuta manhaja da yaren C domin ƙananan na'urori ya saba gani. Ina nufin na'urori irin mitar wuta ta kati, da akwatin da ke kula da cajin batirin sola, da allon da ke kunna famfon rijiyar burtsatse. An gama rubuta shiri, an ba kwamfuta umarnin harhaɗa shi, aiki ya tafi lami lafiya har ƙarshe, sai layuka biyar ko shida su fito a jere, kowanne da irin wannan lafazi:

`warning: _write is not implemented and will always fail`

Sauran layukan su ambaci `_read` da `_close` da `_lseek` da `_fstat` da `_isatty`. Ma'anar saƙon ita ce ba a gina komai a bayan wannan suna ba, kuma duk sa'ad da aka kira shi zai gaza. Sai dai fayil ɗin da ake nema ya fito, an loda shi a na'ura, fitila ta kama. Don haka mutane da yawa kan ɗauki layukan nan tamkar kukan kwaɗi da damina, ana ji amma ba a tanka musu.

Shekarun da na yi a wannan sana'a sun kai ni ga wani ra'ayi daban. Kowane saƙo irin wannan yana ɗauke da tambayoyi uku game da mallaka: sunan na wane ne, wa ya kamata ya cika shi, kuma me ya sa aka nema aka rasa? Wanda ya amsa su kafin ya taɓa komai, gyaransa kan ɗore. Wanda ya yi gaggawar kawar da jan rubutu daga allo, sau da yawa yakan mayar da matsalar da ake gani yau ta koma wadda za ta ɓulla bayan wata shida, a wurin da babu mai kallo.

Masu aikin su uku ne

Abin da muke kira harhaɗa shiri aikin hannu uku ne. Na farko mafassari, wato kwamfaila, irin GCC ko Clang, wanda ke juya rubutun C zuwa umarnin da injin ke fahimta. Yana aiki fayil bayan fayil, kuma idan ya ci karo da sunan da ba a bayyana jikinsa a wannan fayil ba, sai ya bar gurbi ya rubuta cewa wani zai kawo. Na biyu mahaɗi, wato linka, wanda ke tattara fayilolin ya cike kowane gurbi da abin da ya dace. Na uku laburaren gudanarwa, rumbun ayyukan da aka riga aka rubuta, inda `printf` da `malloc` da `memcpy` suke zaune.

Gargaɗin da na kawo a sama daga bakin mahaɗi yake fitowa, ko da yake mun saba jingina komai ga mafassari. Sanin wannan yana da amfani, domin yana nuna cewa nahawun shirinka lafiya lau yake. Abin da ya samu tangarɗa shi ne alkawarin da ke tsakanin ɓangarorin uku: wani ya nemi suna, wanda ya kamata ya kawo shi bai kawo ba, ko ya kawo hoto kawai.

Hurumi

Dennis Ritchie ya ƙirƙiri C a dakunan bincike na Bell a farkon shekarun 1970. Lokacin da aka zo daidaita yaren, a Amurka a 1989 sannan a matakin duniya a 1990, masu tsara ƙa'ida sun fuskanci wata matsala. Mafassari da laburare suna buƙatar sunaye na cikin gida domin ayyukansu, mai rubuta shiri ma yana buƙatar nasa, kuma mahaɗi bai san bambanci tsakanin suna da suna ba. Idan laburare yana da wani aiki na ɓoye mai suna `buffer_flush`, kai ma ka sa wa naka wannan suna, to ɗaya zai hau kan ɗaya.

Mafitar da suka samo ita ce raba fili. Sashe na 7.1.3 na ƙa'idar C ya tanadi cewa duk sunan da ya fara da layin ƙasa biyu, ko layin ƙasa ɗaya da babban harafi a bayansa, na masu gina mafassari da laburare ne a ko'ina ya bayyana. Sunan da ya fara da layin ƙasa ɗaya da ƙaramin harafi, irin `_write`, nasu ne a matakin fayil, wato a wajen jikin kowane aiki. Yaren C++ ya ƙara tsananta abin, ya haramta layin ƙasa biyu a jere ko da a tsakiyar suna ne. Wanda ya ƙetare iyakar, ƙa'ida ta ce ba ta lamunce masa komai game da yadda shirinsa zai kasance ba.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne burtali. Manomi kan duba hanyar shanu da ke gefen gonarsa ya ga shekara biyu babu kofato ko ɗaya a kanta, sai ya ƙara kunya uku ciki. Shekarar farko lafiya, ta biyu lafiya. Ranar da garke ya dawo, hanyarsa zai bi, kuma babu alƙalin da zai ce laifin shanu ne. Haka filin sunayen nan yake. Da ƙa'idar 1999 ta so kawo nau'in gaskiya da ƙarya, ba ta iya ɗaukar kalmar `bool` kai tsaye ba, domin dubban shirye-shirye sun riga sun yi amfani da ita. Sai ta shiga huruminta ta ɗauko `_Bool`. Ta 2011 ta ɗauko `_Atomic` da `_Generic` da `_Static_assert` da `_Noreturn` daga wuri guda. Duk wanda ya taɓa sa wa wani abu nasa ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, ranar da ya sabunta mafassari garke ya bi ta kan shukarsa.

Wannan shiga gona ta fi yawa a wurin da ba a zato, wato sunayen da ake tsare fayilolin kai da su. Ɗalibi ya buɗe fayilolin laburare ya ga `_STDIO_H`, sai ya ɗauka salon ƙwararru ne, ya rubuta `__MOTA_H__` a nasa. Laburare yana cikin filinsa ne, ɗalibin kuwa ya shiga na wani. Tun fitowa ta 13 a 2021, Clang yana da zaɓin `-Wreserved-identifier` da ke nuna irin wannan. Gyaran bai wuce minti ɗaya ba: a cire layukan, a rubuta `MOTA_H`.

Amma matsalarmu ta yau ta juya ne. Sunan yana cikin hurumi, laburare kuma bai kawo shi ba. A abin da na gani, hakan kan faru ta hanya uku, kuma maganin kowacce daban yake.

Hali na farko: an bar maka gurbi da gangan

Kayan aikin GCC na ƙananan injinan ARM suna zuwa da laburare mai suna newlib. An gina shi domin na'urorin da ba su da babbar manhaja irin Linux ko Windows a ƙarƙashinsu. Ya san yadda ake juya lamba zuwa haruffa, amma bai san inda haruffan za su je ba, domin allonka na iya samun layin siriyal, ko ƙaramin gilashi, ko babu komai. Saboda haka `printf` yana gama shirya rubutu sai ya miƙa shi ga `_write`, kuma takardun newlib sun faɗa ƙarara cewa mai na'ura ne zai rubuta `_write` da 'yan'uwansa. Mai hurumi ne da kansa ya ce ka shigo ka gina a nan, bisa girman da ya auna.

Idan ba ka rubuta su ba, mahaɗi zai tsaya da kuskure. Domin kauce wa haka ne ake ƙara `--specs=nosys.specs`, wanda ke jawo wani ƙaramin laburare mai ɗauke da 'yan tsaye: ayyuka masu sunan da ake nema, waɗanda ba sa yin komai sai su sa alamar `ENOSYS` su dawo da gazawa. Masu rubuta su sun manna wa kowanne takardar gargaɗi a wani sashe na musamman na fayil, wanda mahaɗi ke karantawa da ƙarfi idan an jawo shi. Da irin wannan dabara ce laburaren glibc yake gargaɗin masu amfani da `gets`, aikin da tsutsar Morris ta bi ta kansa a 1988, wanda ƙa'idar 2011 ta cire gaba ɗaya.

Mai karatu zai ce: ni ban taɓa buɗe fayil ba, me ya kawo `_close` da `_lseek`? Dalili shi ne, da zarar ka kira `printf`, laburare zai kafa hanyoyin shiga da fita guda uku na ƙa'ida, kuma kowace hanya tana riƙe da adireshin ayyukanta na karatu da rubutu da matsawa da rufewa. Ambaton adireshin kaɗai ya isa mahaɗi ya jawo su. Wataƙila `_lseek` ba za a kira shi ba har na'urar ta tsufa. `_write` kuwa ana kiransa a kowane saƙo, kuma ɗan tsaye yana zubar da saƙon a ƙasa. Idan saƙon shi ne bayanin dalilin da ya sa famfo ya tsaya da tsakar dare, to ma'aikacin da ya yi tafiyar awa huɗu ya jona kwamfutarsa zai tarar da allo fari fat.

Gyaran gajere ne:

```
int _write(int fd, char *buf, int len)
{
    for (int i = 0; i < len; i++)
        siriyal_aika(buf[i]);
    return len;
}
```

Mahaɗi yana fara duba fayilolinka kafin laburare. Da ya sami `_write` a wurinka ba zai ƙara jawo ɗan tsayen ba, gargaɗin kuma ya tafi domin dalilinsa ya kau. Sauran ma nakan rubuta su da hannuna, ko da layi biyu ne masu dawo da gazawa, domin wanda zai gaji aikin ya ga cewa shawara aka yanke.

Akwai guda ɗaya da ya fi su duka haɗari, kuma shi ba ya cikin jerin masu gargaɗi. `_sbrk` ne ke ba `malloc` ƙarin memori. Wanda ke cikin ƙaramin laburaren nan yana aiki, amma ba ya duba iyaka: duk abin da aka roƙa yana bayarwa, har ya shiga yankin da shirin ke ajiye adireshin komawarsa. A injin da memorinsa duka bai wuce kilobait 20 ba, wannan ba nisa ba ne. Wanda ya zauna ya rubuta `_write` saboda gargaɗi yakan lura da `_sbrk` a hanya, ya sa masa iyaka, ya sa ya dawo da `ENOMEM` idan wuri ya ƙare. Wanda ya toshe kunne ba zai bi ta wannan hanya ba balle ya gan shi.

Hali na biyu: mai sunan yana nan, ba a gayyace shi ba

Injin Cortex-M0 ba shi da umarnin raba lamba a jikinsa, sabanin yayansa Cortex-M3. Idan ka rubuta `a / b`, mafassari zai sa kira zuwa `__aeabi_uidiv` ko `__aeabi_idiv`, sunayen da ƙa'idar ARM ta tanada, waɗanda ke zaune a laburaren mafassarin kansa mai suna libgcc. Mai son ƙaramin shiri kan sa `-nostdlib` domin ya rabu da newlib, bai san ya kori libgcc tare da shi ba. Sai mahaɗi ya ce bai ga wani suna ba, sunan da mutumin bai taɓa rubutawa ba a rayuwarsa.

A nan rubuta naka ɓata lokaci ne, kuma ƙofar kuskure ce, domin waɗannan ayyuka suna da yarjejeniya ta musamman da mafassari game da inda suke ajiye sakamako. Takardun GCC sun ba da amsa: a ƙara `-lgcc` a ƙarshen umarnin haɗawa. Sun kuma faɗa cewa ko a na'urar da ba ta da laburare sam, mafassari na iya kiran `memcpy` da `memmove` da `memset` da `memcmp` da kansa, misali idan ka kwafi babban tsari zuwa wani, don haka dole a tanade su.

Wani lokaci rashin sunan ma saƙo ne da aka shirya. Masu gina ƙwayar Linux ba sa haɗa ta da libgcc a injinan x86 masu bit 32. Idan wani ya raba lamba mai bit 64 da alamar rabawa ta kullum, haɗawa za ta tsaya a kan `__udivdi3`. Suna so ta tsaya, domin irin wannan rabawa tana da nauyi a waɗannan injina, kuma sun tanadi `do_div` da `div_u64` domin mai rubutu ya yi ta da saninsa. Wanda ya shigo da `__udivdi3` daga waje ya rushe shingen da aka kafa da niyya.

Hali na uku: zamani ya saɓa

A Visual Studio 2015, Microsoft ya sake fasalin laburarensa na C. Tsofaffin laburarorin da aka harhaɗa kafin nan suna isa ga `stdout` da `stderr` ta wani aiki na ciki mai suna `__iob_func`, sabon tsari kuma ya maye gurbinsa da `__acrt_iob_func`. Duk wanda ya haɗa sabon shiri da tsohon laburare sai ya ga an rasa `__iob_func`. Dabarar da ta yaɗu ita ce mutum ya ƙirƙiri nasa. Haɗawa takan wuce, amma tsohon laburaren yana lissafi ne da girma da fasalin tsohon `FILE`, wanda ya riga ya canza. An daidaita suna, an bar abin da ke bayansa a saɓe.

Irin wannan ya faru a Linux da glibc 2.38 a 2023. Sabuwar ƙa'idar C23 ta sa `strtol` ya riƙa gane lambobi masu farawa da `0b`, sai glibc ya ware sabon halin a ƙarƙashin `__isoc23_strtol` domin kada tsofaffin shirye-shirye su canza hali. Shirin da aka harhaɗa a sabuwar kwamfuta aka kai tsohuwar saba zai nemi wannan suna ya rasa. Maganin halin nan guda ne: a sake harhaɗa ɓangarorin da kayan aiki na zamani ɗaya, ko a harhaɗa a kan mafi tsufan tsarin da ake son shirin ya yi aiki a kai. Sunan da ya ɓace alama ce kawai ta cewa ɓangarori biyu ba su yi zamani ɗaya ba.

Kanarin da aka ɗaure wa baki

An taɓa kawo mini wani shiri in duba, na ɓangaren da ke karɓar sabuntawa ta layin siriyal ya rubuta ta a cikin na'ura. A ƙasan wani fayil na tarar da layi ɗaya: `void __stack_chk_fail(void) {}`. Tarihinsa a bayyane yake. An kunna kariyar `-fstack-protector`, an cire laburare, mahaɗi ya nemi sunan, wani ya ba shi fanko domin aiki ya wuce.

Ga abin da sunan yake yi. Idan aiki yana da ma'ajin haruffa na wucin gadi, mafassari kan ajiye wata lamba ta sirri tsakanin ma'ajin da adireshin komawa. Kafin aikin ya koma, sai a duba lambar. Idan ta canza, an san rubutu ya yi ambaliya ya wuce iyakarsa, sai a kira `__stack_chk_fail` ya tsayar da komai. Ana kiran lambar kanari, daga tsuntsun da masu haƙar kwal a Birtaniya suke shiga rami da shi har zuwa 1986, wanda ke faɗuwa kafin iskar guba ta kai ga mutum. Dabarar ta fito fili da StackGuard a 1998, GCC kuma ya karɓi irinta a fitowa ta 4.1.

Mafassari yana ɗaukar cewa wannan aiki ba ya dawowa, don haka ba ya rubuta komai a bayan kiransa. Fankon da ya dawo zai jefa injin cikin duk umarnin da ya zo na gaba a memori, da ma'aji a lalace. Wato na'urar tana biyan kuɗin kariya a kowane kira, a ranar da ake buƙatar kariyar kuma sai ta yi abin da ya fi rashinta muni. Zaɓi biyu ne masu mutunci: ko a rubuta shi da gaske, ya ajiye alamar abin da ya faru ya sake tayar da na'ura, tare da ba `__stack_chk_guard` lamba mai wuyar hasashe, ko a kashe kariyar a fili da `-fno-stack-protector` a rubuta dalili. A shirin da ke karɓar bayanai daga waje, na farko na ba da shawara, kuma gyaran bai kai layi goma ba.

Yadda nake bi

Idan suna mai layin ƙasa ya ɓace, abu na farko da nake nema shi ne wanda ya kira shi. Zaɓin `-Wl,-Map` yana fitar da taswirar haɗawa, wadda farkonta ke lissafa kowane yanki na laburare da aka jawo da wanda ya jawo shi. Zaɓin `--trace-symbol` na mahaɗi yana bin suna guda ya nuna duk fayil ɗin da ya ambace shi. Sau da yawa a nan ake gano cewa `assert` guda ɗaya ne ya jawo `fprintf`, shi kuma ya jawo dukkan zuriyar, kuma canza wannan layi ya rage girman shirin ya kawar da gargaɗi shida a lokaci guda.

Na biyu, in nemi mai sunan. Farkon suna kan faɗi gidansu: `__aeabi_` na ƙa'idar ARM ne, `__cxa_` na tsarin C++ ne, `__isoc` na glibc ne. Na uku, in buɗe takardun mai sunan in ga ko ya gayyace ni in cika shi. Gayyata irin wannan tana da yawa, har da `_POSIX_C_SOURCE` da `_GNU_SOURCE` waɗanda mai shiri ne ake so ya ayyana su. Idan akwai gayyata, in rubuta bisa sharaɗin da aka gindaya, in tara irin waɗannan ayyuka a fayil guda. Idan babu, to ko dai na bar wani laburare a waje, ko na haɗa abubuwan da ba sa'o'in juna ba.

Bayan an share jerin, nakan kunna `-Werror` ga mafassari da `--fatal-warnings` ga mahaɗi. Dalilina na ɗabi'ar ɗan Adam ne. Idon da ya saba tsallake layuka shida kowace safiya ba zai lura da ranar da suka zama bakwai ba, kuma na bakwan ne kan zama mai muhimmanci. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma kunnen da ke cikin hayaniya kullum ba ya rarrabe kira da surutu. Na'urorin da muke ginawa sukan yi shekaru a kan sanda ko a ɗakin famfo, nesa da wanda ya rubuta su, kuma mutanen da suka dogara da su ba za su taɓa ganin allon harhaɗawa ba. Minti ashirin na bin sawun suna guda a ofis shi ne mafi arhar lokacin da za a taɓa kashewa a kan wannan matsala.